Wat Nawa Ce? Fashin Baƙi Kan Zaɓen Fitilar Hoto Da Bidiyo A Zariya

Wace fitila zan saya? Wannan tambaya ta zama ruwan dare a Zariya cikin 'yan shekarun nan. Masu situdiyo na Sabon Gari suna yin ta, ɗaliban Samaru da Kongo masu haɗa gajerun bidiyo suna yin ta, haka matan da ke tallar atamfa da turaren wuta daga cikin ɗaki, da matasan da ke naɗar karatun malamai a zaure, musamman idan azumi ya gabato. Amsar da aka saba bayarwa kuwa lamba ce: sayi mai wat 200, ko ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai 300. Mai shago ya faɗi wat, mai saye ya taɓa aljihu, a ɗaure kwali. Kafin mako ya zagayo sai ƙorafi ya biyo baya. Fuska ta fito kore-kore. Baƙaƙen layuka suna yawo a bidiyo. Batir ya mutu ana tsakiyar kamu.

Ƙanwata ce ta sa na zauna rubuta wannan. Leshi da atamfa take sayarwa a Tudun Wada. Wata mata a Kaduna ta ga leshi a hoton da ta ɗora a WhatsApp, ta biya, aka ba direba ya kai mata. Washegari matar ta bugo waya rai a ɓace, wai ba kalar da ta zaɓa aka aiko ba. Ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, wallahi shi ne, ban canza mata ba." Gaskiya ta faɗa, ita ma matar ba ƙarya ta yi ba. Da na je, na shimfiɗa leshin a gaban fitilar zoben da take ɗaukar hoto da ita, sannan na fita da shi tsakar gida. Sai ga kala biyu a yadi ɗaya. A jikin kwalin fitilar an rubuta wat da manyan baƙaƙe, amma babu ko kalma ɗaya game da launi.

Zaunannen haske da walƙiya: me ya raba su?

Fitilun masu hoto gida biyu ne. Akwai filasha, wadda ke tara wuta ta sake ta lokaci guda kamar walƙiya, a cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwai kuma wadda ake kunnawa ta zauna tana ci har sai an kashe, kamar ƙwan ɗaki. Hasken wannan ta biyun shi nake kira zaunannen haske, kuma a kansa maganarmu take.

Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna 25 ko 30 ko 50 da ake jerawa a kowace daƙiƙa, kowane da buƙatarsa ta haske. Saboda haka filasha ba ta da aikin yi a bidiyo. Mai ɗauka da waya ma, ko hoto yake yi, a zaunannen haske ya dogara, domin wayoyi ba su saba magana da filashar situdiyo ba. Babban alherin zaunannen haske shi ne gani ya kori ji: kana matsar da fitila kana kallon yadda inuwa ke sauka a gefen hanci tun kafin ka danna. Mai koyo yakan gane haske da wuri ta wannan hanya. Jaririn da aka kawo hoton suna ba ya firgita, tsohuwa ba ta runtse ido.

Amma filasha ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin duk ƙarfinta a lokaci guda take zubar da shi. Tana tsayar da motsi cak, tana iya ja da rana, kuma ƙananan batura huɗu sukan kai ta ɗaruruwan hotuna. Ranar tsaka tana sauke haske kusan luks 100,000 a ƙasa, luks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a kan abu. Fitilar LED mai wat 60 da aka kunna a filin makaranta da azahar, da ita da babu duk ɗaya. Mai ɗaukar mahaya ranar Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau, rana ce fitilarsa. Wanda aikinsa hoto ne zalla, kuma a waje, kada ya sayar da filasharsa don ya ga ana yayin LED.

Yadda muka baro halojin

Waɗanda suka halarci bukukuwa a zamanin kaset sun tuna yaron mai bidiyo riƙe da fitilar halojin mai wat 500 ko 1,000, yana jan doguwar waya a tsakanin ƙafafun mata. Zafinta kaɗai ya isa ya narkar da kwalliyar amarya, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da irin wannan ƙwai ke sha zafi yake zama, ba haske ba. Ka taɓa ƙwan da hannu, maiƙon yatsa ya gajarta masa kwana. Duk da haka a ba halojin haƙƙinta: launi ba ya ɓata a gabanta. Ja yana fitowa ja.

Bayan ta aka yi yayin murɗaɗɗun ƙwayayen nan masu ƙarancin cin wuta, a jera huɗu ko biyar a cikin lema. Ba su da zafi sosai, amma da yawansu suna shafa wa fuska kore.

Sai LED. Asalinta aikin wasu masana uku ne 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka samar da shuɗin ƙwan LED mai haske a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. A riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa: galibin farin LED shuɗin ƙwai ne da aka shafe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ido ke gani fari. Masana'antun Sin, irin su Godox da Aputure na birnin Shenzhen, su suka kawo fitilar hannun mai ƙaramin ƙarfi. A nan gida kuma abubuwa biyu suka ƙara ingiza mutane. Waya ta mayar da kowa mai ɗaukar bidiyo. Sannan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa tayar da babban janareta don fitilu biyu na halojin ya zama asara a fili.

Wat, lumen da luks

Ka dubi manomin rani a bakin Galma. Man da injin ban-ruwansa ya sha daban, ruwan da ya fito daga bakin tiyo daban, ruwan da ya isa komin albasa na can ƙarshen gona kuma daban. Wat shi ne man da inji ya sha. Lumen shi ne ruwan bakin tiyo, wato jimillar hasken da ya fita daga fitila. Luks shi ne ruwan da ya isa komi, wato hasken da ya sauka a fuskar wanda kake ɗauka, a nisan da yake tsaye. Kyamara luks ta sani. Wat kuma tsakaninka ne da mai sayar da fetur.

Ko wat ɗin ma ba kullum ake faɗar gaskiyarsa ba. Wasu kamfanoni suna rubuta 300 da nufin hasken ya yi daidai da na tsohon ƙwai mai wat 300, alhali fitilar ba ta cin ko 50. Gane wannan ba wuya. Juya adaftar fitilar ka karanta abin da take fitarwa, ka ninka bolt da amfiya. Idan an rubuta bolt 12 da amfiya 3, wat 36 ke nan, ko me aka buga a kwali. Lambar luks ma a tambayi a wane nisa aka auna ta, don wasu a rabin mita suke aunawa, da ƙoƙon da ke matse hasken wuri guda, lamba ta kumbura.

Nisa kuwa shi ne abin da aka fi rainawa, alhali shi ya fi cin haske. Idan ka ninka nisa sau biyu, ba rabin haske kake samu ba, rubu'i kake samu. A ce fitila tana ba da luks 4,000 a mita ɗaya. A mita biyu saura 1,000. A mita huɗu saura 250. Wannan ne dalilin da ya sa hoton dangin amarya mai sahu uku ke fitowa 'yan gaba sun yi fari fat, gwaggonnin baya sun nutse a duhu. Maganinsa a ja fitila baya domin bambancin nisan sahu da sahu ya ragu, kuma a nan ne ake buƙatar fitila mai ƙarfin gaske. Amma mutum ɗaya da ke zaune yana magana, wanda za a iya kawo masa fitila taku ɗaya ko biyu daga fuskarsa, wat 60 na gaskiya ya ishe shi. Mutane da yawa suna biyan kuɗin ƙarfin da ba su buƙata, alhali matso da ƙafar fitila kyauta ne.

Launin haske: inda aka fi cutuwa

Abu biyu ake cakuɗawa a nan, kuma sai an raba su.

Na farko, zafin launi, wanda ake aunawa da Kelbin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga ƙarfe a wuta yana fara ja, ya koma ruwan goro, sannan ya doshi fari yayin da zafi ke ƙaruwa. Haka ma'aunin yake: ƙaramar lamba haske mai ja, babbar lamba haske mai shuɗi-shuɗi. Harshen kyandir wajen 1,900 yake. Halojin 3,200. Hasken rana, a lissafin masu fim, 5,600. Fararen ƙwayayen da muke sa wa a ɗakuna galibi 6,500. Idon mutum yana daidaita waɗannan duka ba tare da ya sani ba, amma kyamara fari ɗaya tak take iya zaɓa a lokaci guda. Idan taga na zubo hasken rana, ƙwan silin na ba da ruwan ɗorawa, fitilarka na ba da nata, to kunci ɗaya zai yi ja, ɗaya ya yi shuɗi. Mafi sauƙin gyara shi ne a kashe ƙwan ɗaki, ko a saki labule, a bar haske iri ɗaya.

Akwai fitilu masu launi biyu da ake murɗawa daga wajen 2,700 zuwa 6,500. Ga mai bin bukukuwa, wanda yau yana zauren taro mai jan haske gobe yana falon wani Alhaji mai farin ƙwai, wannan rahama ce. Sai dai sun fi tsada, kuma da yawansu ba su kai hasken takwarorinsu masu launi ɗaya ba, saboda an raba ƙwayayen gida biyu. Mai ɗaki ɗaya da ba ya fita da fitilarsa, mai 5,600 ta wadace shi.

Na biyu shi ne ingancin launi, kuma shi ya kayar da ƙanwata. Hasken rana yana ɗauke da duk launukan bakan gizo. Yadi ja yana zama ja ne domin yana mayar da jan da ke cikin hasken da ya sauka a kansa. To idan hasken ba shi da isasshen ja tun asali, me yadin zai mayar? Ka tuna farin LED shuɗi ne da ruwan ɗorawa. Idan kamfani ya yi tsumulmular sinadari, ido zai ga fari, amma jan da ke ciki kaɗan ne. Leshi ja wur sai ya fito kamar an jiƙa shi a ruwan ƙasa, lalle ya yi baƙi-baƙi, murjani ya dushe.

Ma'aunin wannan shi ne CRI, wanda ke tsayawa a 100. Rana da halojin suna can sama. Don hoto da bidiyo a nemi 95 zuwa sama. Amma akwai rami a cikin ma'aunin: lambar da ake bugawa a kwali matsakaicin launuka takwas ne masu sanyi, babu ja mai ƙarfi a cikinsu. Jan yana da lambarsa daban, R9. Fitila na iya cin 90 a CRI, R9 ɗinta na ƙasa warwas. Shi ya sa ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fito da wani ma'auni a 2012, TLCI, wanda ke auna yadda kyamara ke ganin hasken, ba yadda ido ke gani ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga duka biyun.

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da yadda ake zato. Fatarmu, daga baƙi har wankan tarwaɗa, kyanta yana cikin jan da ke ƙarƙashinta. Hasken da ba shi da ja yakan mayar da lafiyayyen mutum ruwan toka, kamar wanda ya tashi daga jinya. Kuma launin da bai shiga kyamara ba, babu manhajar gyaran hoto da za ta dawo da shi yadda yake. Tun zamanin fim ɗin wanki ba da fatarmu aka auna kayan hoto ba: shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne. Yau da ma'auni ke hannunmu, abin baƙin ciki ne a ga mai hoto ya watsa wa amarya haske har fuskarta ta ƙone ta yi fari, a kira wannan kyau. Uwar da ta haife ta tana so ta buɗe albam bayan shekara ashirin ta ga 'yarta.

Girman fitila ya fi ƙarfinta tasiri a fuska

Kwatanta ranar tsaka a watan Maris da safiyar hunturu mai hazo. Ranar da ke haskawa ɗaya ce. A Maris inuwa baƙa ce mai kaifi, ido ya faɗa rami, goshi na ƙyalli. A hazo kuwa sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, inuwa ta yi laushi, fuska ta kwanta. Ƙa'idar ke nan: gwargwadon faɗin wurin da haske ke fitowa da kusancinsa da mutum, gwargwadon taushinsa.

Fata mai duhu tana mayar da siffar fitila kamar madubi, balle an yi zufa. Ƙaramar fitila tsirara sai ta bar ɗigon fari a goshi da kan hanci. Faffaɗan haske kuwa sheƙi yake shimfiɗawa a kunci, mai fito da siffar fuska. Haka shadda take yi.

Fitilun kasuwa a nan suke rabuwa. Akwai mai dunƙulen ƙwai ɗaya da ake kira COB, irin su Godox SL60W ko Amaran 100d. Tsirara tana da kaifi ƙwarai, bai ma kamata a ƙura mata ido ba, amma bakinta na karɓar sofbos, wato akwatin ƙyalle mai farar fuska da ake ɗaura wa fitila, da lema da sauran kayan tausasa haske. A tabbata bakin irin wanda ake kira Bowens ne, don shi ne wanda kayansa suka fi yawa a kasuwa. A sani kuma sofbos yakan cinye rabin hasken ko fiye, sai a sa wannan a lissafi. A ganina, ga mai son abu ɗaya da zai yi masa hira da hoton kaya da na mutum, COB da sofbos mai faɗin santimita 90 ya fi komai.

Akwai allon LED mai jerin ƙananan ƙwayaye: marar nauyi, yana cin batir, ya dace da ɗakin amarya inda ba wurin kafa komai. Akwai sanduna masu canza launi, waɗanda ado ne na bango, ba abin farawa da su ba.

Sai fitilar zobe, wadda ake kira rin-layit, sarauniyar TikTok. An yi ta ne don fuska ɗaya a kusa, waya a tsakiyarta. Ga mai kwalliya tana da amfani, don tana share inuwa. Amma share inuwar nan ita ce illarta a sauran ayyuka. Ka ja baya taku uku, haskenta ya zube. Malami mai tabarau ya zauna gabanta, sai zobba biyu su rufe idonsa. Kuma masu ɗinkin hannu na cikin birni su lura: babbar riga mai aska takwas da aka yi watanni ana yi wa aiki, inuwar zare ce ke nuna aikin. Ka haska ta daga gaba, ta koma kamar an buga zanen da inji. Ka kawo haske daga gefe, kowane ɗinki ya tashi.

Ɗaki ma fitila ne. Farin silin da farin bango suna dawo da haske su ninka maka shi. Zauren ƙasa na cikin birni shanye shi yake yi, abin da ya dawo kuma ja-ja. Bango mai koren fenti zai shafa wa kowa kore ko da fitilar ta fi kowace inganci. Farin kwali da aka jingina a ɗaya gefen fuska yakan yi aikin fitila ta biyu.

Layukan da ke yawo a bidiyo

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ke sa ƙwan da ba shi da kyakkyawan na'urar daidaita wuta ya yi ƙyaf-ƙyaf sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara na gani. Galibin wayoyi kuma suna zuwa a saite kan hotuna 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da wutar Amurka mai juyi 60. Rashin jituwar nan ce ke haifar da layukan. Sau da yawa ba a buƙatar sabuwar fitila: a mayar da kyamara kan 25 ko 50, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane hoto, 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. A iPhone akwai wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamara, shi ke buɗe 25.

Amma idan a ƙaramin janareta ake, juyin wutar ba ya tsayawa a 50, yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa, saiti ba ya kama shi. Wasu fitilu masu araha kuma, idan an rage haskensu, kunnawa da kashewa suke yi da sauri maimakon rage wutar, sai layuka su fito ko da a batir ne. Wannan a jikin fitilar yake, ba ya gyaruwa.

Wa zai ciyar da fitilar?

Masu ba da shawara a YouTube daga Ingila ko Amurka ba su yin wannan tambaya, don soket ɗinsu ba ya mutuwa. A Zariya ita ya kamata a fara yi. Kowa ya san a ɗauke wuta ango na tsaka da shigowa, ko a kawo ta rabi, ko a dawo da ita da ƙarfin da zai ƙona adafta.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin batir ana auna shi da wat-awa, sai ka raba da cin fitilar. Babban batir irin na Sony, NP-F970, yana ɗauke da wajen wat-awa 47, wato allon LED mai wat 20 zai yi awa biyu da 'yan mintuna. Batirin da ake kira V-mount mai wat-awa 95 zai riƙe fitila mai wat 60 kimanin awa ɗaya da rabi a cikakken ƙarfi. Ɗora masa mai wat 200, in ma ya iya ɗauka, ba zai kai rabin awa ba. Mai inbata da batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana da wat-awa 1,200 a takarda, amma idan batirin mai ruwa ne rabin wannan ya kamata ya taɓa, in yana son ya daɗe. Ƙaramin janaretan Tiger da ke ko'ina bai wuce wajen wat 650 ba: halojin ɗaya ta cika shi, amma zai ɗauki LED uku masu wat 60 da saura.

Ka ga ke nan babbar fitila ba kuɗin sayenta kaɗai ba ne, har da kuɗin ciyar da ita kullum. Kuma ba kowace COB ke karɓar batir ba. Wasu, har da SL60W ɗin da na ambata, sai soket. Mai bin bukukuwa ya tambaya kafin ya biya. Batura marasa suna kuma sukan rubuta lambar da ba su kai ba, don haka a gwada da agogo tun kafin ranar aiki.

Yanayinmu ma yana da nasa haraji. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya COB, zafin Afrilu ya ƙarasa. Fanka mai datti tana ƙara, makirfo kuma yana kwashe ƙarar, sai ka ji ta a ƙarƙashin muryar malami daga farkon karatu har ƙarshe. A riƙa hure ƙura, a rufe fitila in an gama, kada a bar batir a cikin mota a rana. Ƙafar fitila kuma a danne ta da buhun yashi, don gidan biki ba ya rabuwa da yara masu gudu.

Mai araha ko mai suna?

A nan masu sana'ar suka rabu. Wasu na cewa araha ba ta ado, sayen nagari mayar da kuɗi gida, gara ka haƙura ka tara. Wasu na cewa da canjin dala a yadda yake, wannan magana ce ta wanda ya riga ya samu, yaron da ke farawa ya sayi abin da ya iya ya fara cin abinci.

Kowa da gaskiyarsa, amma ni ga inda na tsaya. Ana iya yin araha a ƙarfi, a yawan fitilu, a ƙafa da jaka da rimot. Ba a yin araha a launi da ƙyaf-ƙyaf, domin waɗannan biyun ba mai fitila kaɗai suke cuta ba. 'Yar kasuwa ce ke asarar kuɗin mota da amincin mai saye. Iyayen amarya ne ke karɓar bidiyon ranar da ba za ta maimaitu ba. Saitin fitilu uku da ake sayarwa a jaka ɗaya da kuɗin fitila guda mai kyau, sau da yawa matsala uku ce. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuwa yana da fitila mai CRI 100 da ba ta cin ko kwabo: inuwar baranda ko bakin taga, da hantsi ko bayan la'asar. Can na mayar da ƙanwata, da farin kwali a gefe, kafin ta tara kuɗin wata.

A gaban mai shago

Ko a Sabon Gari za ka saya, ko Kano, ko ka aika Alaba a Legas, kada ka biya sai an kunna. In ta intanet ne, a yi sharaɗin mayarwa. Ka tafi da ƙyalle ja ko tattasai guda biyu, da farar takarda, da kyamarar ko wayar da za ka yi aiki da ita.

Ka ce, "Alhaji, a taimaka a kunna mini in gwada." Ɗauki hoton ƙyallen da bayan hannunka a gaban fitilar, ka fita bakin shago cikin inuwa ka sake ɗauka, ka jera hotunan biyu. Dubi takardar, ko ta karkata kore ko ruwan hoda. Rage hasken zuwa ƙasa sosai, ka ɗauki bidiyo da saitin tafiyar hawainiya na wayarka, in akwai layuka a nan za su fito. Karanta adafta: ka ninka bolt da amfiya, ka kuma duba ko tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don irin wannan ce ke jure ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi. Kusanto da kunnenka ka saurari fanka. Sannan ka bar ta a kunne minti goma sha biyar kuna hira da mai shago, ka sake ɗaukar hoton takardar, domin akwai fitilun da launinsu da ƙarfinsu ke sauyawa da zarar sun ɗauki zafi.